Yatsun Larai a Jikin Bango

Old Airport, Doha
14 ga Yuni, 2020

Zuwa ga Babana, Magini Ɗanladi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya ƙarin haƙuri? Ina gaida ƙanena Desmond da matarsa Kezia, da duk mutanen Wusasa da suka tsaya mana.

Baba, sau huɗu ina kiranka, ina magana kana cewa "Iye? Iye?" har na fashe da kuka na kashe. Na san kunnen nan naka ba ya shiri da waya. Shi ya sa muka shirya da Desmond: zan riƙa rubutowa ta wayarsa ya bugo maka a takarda, kai kuma ka ba ni amsa da hannunka, ya ɗauki hoto ya turo mini.

A waya na ga jana'izar Mama. Ina tsaye a ɗakin canja kaya na asibiti, da takunkumi biyu a fuskata. Na ga akwati, na ga ƙafafun mutane, sai hoton ya tsaya cak. Kullum a nan ina riƙe hannun iyayen wasu har su cika, don ba a barin 'yan'uwansu su shigo. Tawa uwar kuwa ban riƙe nata ba. Wannan abu yana cin raina, Baba, ba zan ɓoye maka ba. An rufe filin jirgi can da nan, an soke hutun duk ma'aikatan jinya. Ko kanti mutum ba ya shiga sai ya nuna wayarsa ta yi kore, alamar ba ya ɗauke da cutar.

Akwai maganar da nake so ka sani. Tun ina makarantar koyon jinya na yi wa Mama alkawarin zan rushe mata ɗakin ƙasan nan, in gina mata na bulo da kwano, mai tagogin gilashi. Takan yi dariya ta ce, "To Jemimah, Allah ya kai mu." Ita Allah bai kai ta ba. Amma kai kana nan, kuma in annobar nan ta lafa, zan cika alkawarin a kanka.

Ka riƙa cin abinci. Na san halinka, in Mama ba ta tsaya a kanka ba sai ka wuni da goro.

Allah ya ta'azantar da mu duka.

'Yarka,
Jemimah

*

Wusasa, Zariya
2 ga Yuli, 2020

Zuwa ga 'yata Yamima,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu da tabarau. Muna lafiya. Damina ta kankama, masara ta kai gwiwa.

Kada ki ɗora wa kanki laifi. Uwarki ta san inda kike, ta kuma san abin da ya riƙe ki. Ranar Larabar ƙarshe ta ce mini, "Ka ce wa Yamima ta riƙa wanke hannu." Na ce mata, ke Larai, yarinyar da ta yi karatun asibiti za ki koya wa wanke hannu? Ta ce ai ita ta fara koya miki.

Ba ta daɗe a kwance ba. Watan Afrilu ma tare muka yi wa ɗakinta yaɓe, kamar yadda muka saba kowace shekara kafin ruwa ya sauka: ni ina jefa ƙasa, ita tana bina tana shafewa da hannu. Tun muna sabon aure mutane suke mana dariya, wai matar magini ta zama lebura. Ba ta taɓa kula su ba. Bana tana yi tana hutawa, na ce ta bari, ta ce hannuna kaushi gare shi, in ta bar ni bangon zai fito kamar bayan kada.

Maganar bulo na gani. Ba na raina alherinki. Amma a bar ta tukuna. Ɗakin nan ni na ɗora tubalinsa shekarar da za a haife ki, azarar da ke kansa daga Giwa na ɗauko ta a kan jaki. Bai taɓa yi mana yoyo ba.

Abinci ina ci. Kezia tana ƙoƙari, sai dai miyarta gishiri ya yi mata yawa. Kada ki gaya mata. Desmond, kai da za ka ɗauki hoton takardar nan, kai ma kada ka gaya mata.

Ubangiji ya tsare ki a cikin masu ciwo.

Ni ne ubanki,
Ɗanladi Magini

*

Wusasa
10 ga Afrilu, 2022

Yaya Jemi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya zafin Larabawa? Kezia na gaishe ki, yara ma.

Kafin komai, ina yi miki jaje. Ke da kika ce za ki samar mini tikitin kallon Najeriya a gasar ƙwallon duniya a Doha, ga shi Gana ta yi waje da mu tun ba a je ko'ina ba. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ki riƙe tikitinki, an gama, khalas, kamar yadda kuke cewa a can.

Yanzu maganar gaskiya, kuma wannan ba ta Baba ba ce, tsakanina da ke ce. Ɗakin Mama yana lalacewa. Bara Baba bai yi masa yaɓe ba. Na ce ko jimami ne, na yi shiru. To bana ma ga Afrilu ya kusa rabawa, hadari ya fara haɗuwa, ko ƙasa bai jiƙa ba. Bangon gabas, inda ruwa ke duka, ya zaizaye har kan tubali ya fara leƙowa. Indararo ɗaya ya karkace.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba wai ƙarfi ne ya ƙare masa ba. Makon jiya shi ya yaɓe zauren Malam Mudasiru tas, har da makuba. Gidan wani yana yi, nasa ya bari. Na ce masa, "Baba, in ka gaji ne, bari in kira yara biyu mu yaɓe shi ranar Asabar." Yaya, kin san kallon nan nasa. Ya ce, "Wanda ya taɓa bangon nan, ni da shi ne." Ya shige ciki.

Ke ma kin san maganarsa tun muna yara, cewa ɗakin ƙasa in aka daina sa masa hannu, an sallame shi ke nan. To shi da bakinsa ya faɗa, shi kuma ya daina sa hannu. Ni abin da na fahimta, ya haƙura da ɗakin, kunya ce kawai ta hana shi cewa a rushe, kada a ce magini ya koma bulo. Kuma har yanzu a ciki yake kwana. In damina biyu suka ƙara wucewa a haka, ina tsoron ranar da soron zai sauko masa a ka.

Ke ce babba, ke yake jin nauyi. Ki yi magana. Sannan yaushe za ki zo? An buɗe hanya tun tuni, sauran 'yan Doha duk sun zo sun koma. Shekara uku ke nan rabonki da gida.

Ƙanenki,
Desmond

*

Old Airport, Doha
18 ga Satumba, 2022

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, da fatan amfanin gona ya yi kyau.

Baba, na ga hotunan ɗakin bayan ruwan Agusta. Ban yi barcin kirki ba tun ranar. Yau ba 'yarka kaɗai ke magana ba, ma'aikaciyar jinya ce. Bango mai danshi yana kawo tari, soron da ya sha ruwa kuma ba ya yin sallama kafin ya faɗo. Na rasa uwa ina nesa. Ba zan zauna a nan in jira a kira ni a ce ɗaki ya danne ubana ba.

Shekara biyu ka ce a bar maganar tukuna, na bari. Yanzu na yanke shawara, ka gafarce ni. Na yi magana da Desmond, an fara buga bulo. In an gama girbi ƙasa ta bushe, ranar Litinin biyar ga Disamba leburori za su zo su sauke ɗakin. Za ka zauna a ɗakin baƙi na Desmond har a gama. Za a yi maka taga babba ta gilashi, da makewayi a ciki, ba sai ka riƙa fita da sanda ba.

Na san kai ma ka gaji da ɗakin, tunda ka daina yi masa yaɓe. Ba abin kunya ba ne. Ka gina wa rabin Wusasa ɗakuna, lokaci ya yi da za a gina maka.

Zuwa gida kuma sai bayan gasar ƙwallon duniya. An hana mu hutu har a gama, garin nan ya cika da tutoci, ko'ina gini ake ana fenti. In Allah ya yarda zan zo in tarar da kai a sabon ɗaki.

Ka yi mini addu'a, kada ka yi fushi.

'Yarka mai ƙaunarka,
Jemimah

*

Wusasa
1 ga Oktoba, 2022

Yamima,

Salama. Takardarki ta iso.

Na ji ranar da kuka sa. Gida naku ne, ni baƙo ne a cikinsa yanzu. Ku yi yadda kuka gani.

Abu ɗaya nake roƙo. Ku gaya wa leburorin su zare azara a hankali, kada su karya, tana da sauran amfani ga wani. Ranar kuma ba zan tsaya ba, zan tafi gona.

Ban yi fushi ba. Dawa ta yi kyau bana.

Ubanki,
Ɗanladi

*

Old Airport, Doha
Asabar, 3 ga Disamba, 2022

Babana,

Ina gaishe ka da girmamawa. Desmond, don Allah kada ka jira sai ka je shagon buga takarda. Da ka ga wannan, ka karanta masa nan take, ka kuma tsayar da leburori.

Baba, bari in ba ka labarin jiya daga farko.

Akwai wani gari a bakin teku kudu da Doha, sunansa Wakra. Daga unguwarmu jirgin ƙasa ɗaya ne. Tun da aka fara gasar nan aka tura ni tantin taimakon gaggawa a can, kusa da tsohuwar kasuwa. Jiya 'yan Gana ke da wasa a filin garin, tun hantsi suka cika bakin ruwa da ganguna. Da aka ba ni hutun awa ɗaya bayan azahar, kaina na sarawa, sai na bi wani lungu ina neman inda ba hayaniya. A ƙarshen lungun na ga ƙofar katako a buɗe, da ɗan allo a gefe. Ashe tsohon gida ne na wani mai jirgin ruwa, daga cikin masu nutso su ɗebo lu'ulu'u a zamanin da ba a san fetur ba. An mai da shi gidan tarihi. Ƙarami ne, bai kai gidanmu ba.

Da na shiga sai na tsaya. Baba, zaure ne. Zaure sosai, mai lanƙwasa, yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba. Ga tsakar gida da rijiya, ga randa a inuwa, ga dutsen niƙa. Ɗakunan dogaye ne amma matsattsu. Na ɗaga kai sai na ga dalili: itatuwa ne jere a sama, an shimfiɗa tabarma a kansu an zuba ƙasa. Na tuna yadda kake cewa ba magini ke yanke faɗin ɗaki ba, tsawon azara ne. Su tasu azarar ta teku aka kawo musu ita daga gabashin Afirka. A waje rana na dukan mutum, a ciki kuwa sanyi kamar ɗakin Mama da tsakar rana. A garin da ake gina benen da ba ka ganin ƙarshensa, ga Turawa da 'yan Japan sun yi layi suna ɗaukar hoton soro.

Ban san lokacin da na kai hannu na shafa bango ba. Sai na ji murya a bayana, "Madam, mamnu! No touching!" Mai gadi ne, baƙi, dogo, cikin yunifom. Haushi ya kama ni, na yi ƙunƙuni da Hausa na ce, "Kai, sai ka ce bangon zinariya."

Sai ya ce, "Ko na ƙasa ne, 'yar'uwa, ni za a kora."

Na kusa faɗuwa don kunya. Sunansa Malam Surajo, ɗan Ƙofar Doka ne ta Zariya, shekararsa shida a gidan. Da na ce masa ni 'yar Wusasa ce, ya ce, "Ashe 'yar gida ce ke karya mini doka. Yalla, zo in nuna miki inda ake taɓawa."

Ya kai ni ɗakin matan gidan. Duk bangon an sake shafe shi sumul, sabon aiki. Amma kusa da ƙofa an bar wani wuri, bai fi faɗin faranti biyu ba, an rufe shi da gilashi, an yi masa firam na katako. A bayan gilashin tsohon shafe ne, ya yi duhu, ga sawun yatsu huɗu sun ja layi sun lanƙwasa.

Malam Surajo ya ce da aka zo gyaran gidan, wata tsohuwa da aka haifa a ɗakin ta zauna a bakin ƙofa ta ce ba mai shafa komai a bangon nan. Masu aiki suka yi ta bayani, in ba a shafe ba bango zai zube. Ta ce ya zube. Kowa ya ɗauka rikicin tsufa ne. Sai da wani ya zauna ya tambaye ta dalili, ta ce uwarta ce ta yi shafen ƙarshe, sabon shafe zai rufe hannunta. Shi ne aka yi wannan dabara: aka ceci bangon, aka bar mata hannun. Ya ce har yanzu jikokinta kan kawo ta a keken guragu, ta ɗora tafinta a kan gilashin. "Aikina ne in goge gilashin," in ji shi, "amma ranar da ta zo, sai gobe nake gogewa."

Ni kuwa, Baba, har lokacin kaina bai kawo ba. Dariya ma na yi, na ce masa tsofaffi duk halinsu ɗaya, ni ma ubana magini ne, ya bar ɗakinsa na zubewa, shekara biyu ba yaɓe, ya hana kowa taɓawa, ranar Litinin ma za mu rushe. Malam Surajo ya dube ni, ya gyara hularsa. Ya ce, "Sista, wa ya yi yaɓen ƙarshe?"

Na zauna a dakalin gidan mutane, cikin kayan aiki, na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza. Bawan Allahn nan ya kawo mini ruwa, ya tsaya a ƙofa yana ce wa baƙi ɗakin a rufe yake.

Kai da hannunka ka rubuta mini, kana jefa ƙasa tana binka tana shafewa. Na karanta, ban gani ba. Duk bangon nan hannun Mama ne, har da ɗan ƙaramin yatsanta da ya karye ya lanƙwashe, wanda ke barin layi a karkace. In ka yaɓe, ka rufe ta da hannunka. In ka bari, ruwa ya wanke ta. Shekara biyu kana tsakanin waɗannan kai kaɗai, mu kuma 'ya'yanka muka ce ka sallami ɗakin. Ka gafarta mana.

Akwai kuma abin da ban gaya maka ba. Ba tari ne kawai ya sa na matsa a rushe ba. Tun bara aka buɗe hanya, sau biyu ana ba ni hutu ina mayarwa. Tsoro nake ji in shigo gida in ga ɗakin nan a tsaye, in ɗaga labule ba ta ciki. Na ɗauka in aka rushe shi zan iya dawowa. Kaina nake yi wa gini, na ce kai nake yi wa.

Ga roƙona. Kada a rushe. Ka zaɓi wurin da hannunta ya fi fitowa, a sa masa gilashi, sauran a yaɓe kafin ruwa, a gyara soron. Bulon da aka buga a kai shi filin bayan gida, Desmond ya daɗe yana son ƙarin ɗaki. In kuma na sake yin kuskure, ba wannan ne dalilinka ba, to ka faɗa mini da bakinka. Wannan karon zan saurara.

'Yarka,
Jemimah

*

Wusasa
Litinin, 5 ga Disamba, 2022

Yaya Jemi,

Gaisuwa. Na ga kiranki goma sha tara. Ki sauke numfashi, ki zauna, in gaya miki.

Tun ranar Juma'a muka tafi ƙauyen su Kezia bikin godiyar girbi, can kuwa ko ka hau bishiya ba sabis. Sai yau da safe muka kamo hanya. Muna shigowa gari wayata ta fara kuka kamar an taka 'yar tsako. Na karanta layin farko a kan babur, na ce wa mai babur ya ƙara wuta.

Na tarar leburori huɗu sun riga ni. Sun fitar da gado da akwatin Mama, sun cire ƙyaure, ɗaya ya hau soro da diga. Baba kuma ya saɓa fartanya zai tafi gona kamar yadda ya ce, ko waiwaye ba ya yi. Na yi ihu na ce kowa ya tsaya. Na sha gaban Baba a zaure na ce ga takarda daga Doha. Ya ce in ajiye sai ya dawo. Na ce wannan ba ta ajiyuwa.

Kin san kunnensa. Dole na kafa baki a kunnen hagu ina karantawa da ƙarfi kamar mai wa'azi a kasuwa. Don haka ki sani, asirinki duk unguwa ta ji, har da leburori da Malam Mudasiru da ya leƙo ta katanga. Da na zo wurin "Ko na ƙasa ne, ni za a kora," na kan soro ya yi dariya har ya kusa faɗowa.

Da na kai tambayar mai gadin, Baba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Sake karanta wurin." Na sake. Ya sauke fartanyar a hankali, ya jingina ta. Yaya, tun da nake ban taɓa ganin hawayen mutumin nan ba, ko ranar da aka binne Mama. Sai Kezia ta karɓi wayar daga hannuna ta ƙarasa.

Da aka gama ya fita daga zauren. Ya zagaya bangon yamma, wajen da rumfa ta kare, ya tsaya ya daɗe. Sai muka ga yana aunawa da tafin hannu. Ya juyo ya ce wa na kan soro, "Kai, sauko mini daga kan ɗaki, ka mai da ƙyauren nan yadda ka same shi."

Ɓarnar da aka yi kaɗan ce, sara biyu ne a gefen soro, ya ce aikin yini ɗaya ne. Ni kuma na ji kunya, don ni na fara kawo miki maganar ya sallami ɗaki. Kullum ina wuce bangon nan, ban taɓa duban shi da kyau ba. Yau na duba. Yatsan nan yana nan, Yaya, a karkace, ko'ina.

Af, na ji Gana ma ta bi sahunmu. Ki yi wa maƙwabtanki 'yan Gana jaje a madadina, amma kada ki nuna musu ina murna.

Ƙanenki,
Desmond

*

Wusasa
11 ga Disamba, 2022

Zuwa ga 'yata Yamima,

Alheri da salama su tabbata gare ki.

Ba ki yi kuskure ba. Dalilin ke nan. Na so in faɗa, bakina bai iya ba. Babu abin gafartawa tsakanina da ke.

Na zaɓi wuri a bangon yamma, taƙi uku a tsaye, biyu a kwance. Mai gilashi ya zo ya gani, ya ce bai taɓa sa wa bango taga ba tare da rami ba. Na ce ya sa, ba a tambaye shi ba.

Ki gaida mutumin Ƙofar Doka. Ki ce masa in ya zo gida ya biyo ta Wusasa, akwai bangon da zan bar shi ya taɓa.

Ɗakin ba ta ciki, gaskiya ne. Ni ma kullum sai na ɗaga labulen. Ana iyawa.

Zan jiƙa ƙasa farkon Maris, in tattake ta, ta kwana bakwai. Jifa har yanzu ina iyawa. Mai bina da shafa ce babu. Desmond hannunsa irin nawa ne, bangon zai fito kamar bayan kada. Na kuma san ma'aikatan jinya ba sa tara farce, don haka ba ki da hujja.

Ki zo kafin ruwa.

Ni ne ubanki,
Ɗanladi Magini